Amanar da Saje Jibirilu Ya Shanya

Saje Jibirilu mutum ne da in ka ba shi ajiyar allura, sai ya haƙa mata rami ya shimfiɗa tabarma a kai. Haka aka san shi a zangon Ankara, garin nan na bakin teku da Turawa ke rubutawa Accra, tun ranar da ya dawo daga yaƙin Kumasi da ɗingishi a ƙafar hagu da igiya uku a hannun riga. Aikin soja ya sake shi, amma shi bai saki aikin soja ba. Shekara goma sha huɗu da ajiye bindiga, amma in zai ce wa matarsa Ƙaltume ta miƙo masa buta, sai ka rantse fareti yake bayarwa. Ita kuwa takan miƙa masa ta koma kan goronta, don ta daɗe da sanin hayaniyar iyakarta baki.

Mutum ɗaya ne tak Saje yake sassauta wa murya, shi ne Baba Sulemana na unguwar Tabon. Tabon ana ce wa mutanen da aka taɓa kwashewa bayi zuwa ƙasar Birazil, daga baya Allah ya kuɓutar da su suka biyo jirgin ruwa suka dawo. Shi Baba yana ɗan saurayi aka kama shi a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ya yi shekara kusan talatin a wani gari wai shi Bahiya yana naɗa wa masu shi taba, har ya samu kansa ya dawo. Hausarsa ta tsaya inda aka tsinke ta, Hausar yaro a bakin tsoho, kuma in abu ya yi masa daɗi ba ya cewa madalla, sai ya ce "ta bon".

Lokacin da Saje ya dawo daga yaƙi, ba sana'a, ba dangi, ƙafa tana ruwa, Baba ne ya gan shi zaune a bakin rijiyarsu. Bai tambaye shi ɗan wane ne ba. Ya kai shi rumfarsa, ya wanke masa miki da hannunsa, ya sa masa allura da zare a hannu ya koya masa ɗinki. Duk rigar da Saje ya ɗinka tun daga ranar, da duk lomar da ya kai baki, ya san ta inda suka fito, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

To, a damina ta shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya kwana uku yana zuba har bangon ɗakin Baba ya zube. Dangin matarsa suka ce ya tafi can gonarsu a gindin tsaunin Aburi ya zauna kwana arba'in kafin a tayar da ginin. Ana gobe zai tafi, da hantsi, sai ga shi a ƙofar Saje yana dogara sanda, don idonsa ya fara yin hazo, da wani abu naɗe cikin tsumma a hammata.

Ya zauna, ya kwance tsumman a hankali. Ɗan akwati ne na jan katako mai ƙamshi. Da ya ɗaga murfin, sai ga sigari goma sha biyu a jere. Ba irin ta takarda ba, wannan ganyen taba ne zalla aka naɗe, kowace ɗaya ta kai kaurin babban yatsa, ta fi tafin hannu tsawo, launinta kamar na dabino, tana ɗan sheƙi.

Saje ya san labarinsu, kowa ma a unguwar ya sani. Da Baba zai baro Bahiya ya bar 'yarsa a can, Hamsatu, tana da shekara goma sha ɗaya, don iyayengijin uwarta sun ƙi sakinta. Shekara ashirin da biyu bai ji ko tana raye ba. Sai wata rana wani matuƙin jirgi ya zo yana neman tsoho mai suna Sulemana, ya ba shi akwatin nan, ya ce wata mata ce mai naɗin taba ta ce a kawo wa ubanta. Kafin Baba ya dawo hayyacinsa ya yi tambaya, mutumin ya koma jirgi. Shekara huɗu ke nan, Baba bai sha ko ɗaya ba. Wani Bature mai kanti ya zo har sau biyu yana roƙon a sayar masa, yana cewa irin wannan naɗi ko a gidan Gwamna ba a samunsa, ganye ne na gona guda da ba ya fitowa kasuwa. Baba ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya sallame shi.

"Jibirilu," in ji Baba, "hanya da laka, can kuma yara da yawa. Ka riƙe mini. Kada ruwan sama ya taɓa."

"Baba, sai dai ya taɓa ni."

Baba ya shafa murfin akwatin. Can ya ce, "Wani lokaci ina cewa, anya ita ce? Matuƙan jirgi suna da baki. Wataƙila wani ya ji labarina ya tausaya mini. Amma ina so ita ce, shi ya sa ban tambaya da yawa."

Saje ya matso kusa. Ya karɓi akwatin da hannu biyu.

Kwana shida akwatin yana cikin tsohuwar jakarsa ta soja, a rataye can sama kusa da rufi. A rana ta bakwai ya sauko da takalmansa na sallah ya tarar fumfuna ta rufe su fari fat. Nan take ya tuna da ajiyar Baba. Ya sauko da jakar, ya buɗe akwatin, ya ɗan matsa sigari ɗaya da yatsa. Sai ya ji ta da laushi, tana lotsawa tana dawowa.

Nan fa hankalinsa ya tashi. Saje ɗan manoman taba ne, a ƙasar Katsina aka haife shi. A gidansu, taba in ba ta bushe ƙayau har tana karyewa a hannu ba, ba ta gama zama taba ba. Mai laushi kuwa sunanta wadda za ta ruɓe. Abin da ya gani tun yana rarrafe ke nan, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa akwai tabar da ranta yana cikin laushinta. Ya ce a ransa, Allah ya so ni na duba da wuri.

Aka yi sa'a, ko kuwa a ce aka yi rashinta, ruwa ya ɗauke kwana uku, rana ta buɗe tarwai. Saje ya shimfiɗa sabon faifai a kan rufin rumfar ɗinki, ya jera sigarin nan sahu ɗaya kamar kuratan soja, ya zauna a ƙasa da sanda yana korar kaji da hankaki. Ko masallaci sai ya tattara su tukuna yake zuwa. Ƙaltume ba ta san abin da ake ciki ba, don ita tun sassafe take fita kasuwa da kwandon goro, sai la'asar sakaliya take dawowa. Shi kuma bai ga dalilin shawara da mace a kan maganar taba ba.

A rana ta uku da azahar ya hau ya ɗauko ɗaya don ya ji ko ta yi. Ta yi kam. Ta yi sakayau kamar karan dawa, sheƙin ya tafi, kuma yana juya ta sai ya ji ƙas. Ganyen waje ya tsage tun daga kai har gindi, ya buɗe baki, ɓarɓashi yana zuba a tafin hannunsa. Ya dubi sauran, duk sun yi fari-fari, gefen ganyensu ya fara ɗagowa.

Mutumin da ya tsaya a dajin Asante harsashi yana wuce kunnensa, ranar sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, faifai a cinya, gumi yana bin gemunsa. Ba tsoron faɗa yake ji ba, ya san Baba ba zai yi faɗa ba. Abin da ya kashe masa jiki shi ne tsohon zai shafa su da yatsunsa, ya ce ba komai. A haka Ƙaltume ta dawo ta same shi.

Ƙaltume 'yar Salaga ce, a cikin goro aka haife ta, a cikinsa ta girma, Hausarta kuma irin ta can ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta sauke kwando, ta dubi faifai, ta dubi mijinta.

"Ei, Saje. Mene ka yi ma taban Baba?"

"Shanyawa na yi. Laushi ta yi, za ta ruɓe."

"Wa ya gaya maka zai ruɓe?"

"Ni ɗan manoman taba ne!" Ya so ya ɗaga murya, muryar ta ƙi tashi.

Ta tsuguna, ta ɗauki akwatin da babu komai ciki ta shinshina, ta shafa katakon. Ta ce, "Shekara huɗu yana wurin Baba da laushin nan, damina huɗu, bai ruɓe ba. Mai akwatin nan ya yi murfi da kama gam don iska kar ya shiga. Kai ba ka tambayi kanka don mene ba? Wannan ba taban dakawa ba ne, Saje. Wannan ɗan'uwan goro ne. In ya bushe ya mutu."

Saje ya zabura ya jawo buta. "To bari in yayyafa musu ruwa."

A shekara goma sha biyu na aurensu Ƙaltume ba ta taɓa riƙe masa hannu ba sai ranar. Ta kama wuyan hannun nan ta danne. "Ka kashe shi da rana, yanzu za ka binne shi da ruwa? In ka jiƙa shi, waje zai kumbura ciki yana bushe, duka zai fashe. Ajiye butan nan."

Ya ajiye. Wallahi ya ajiye.

Sau nawa Saje ya zauna a rumfa yana yi mata dariya in ta kwance huhun goro? Kowane kwana uku sai ta zazzage shi, ta bi ɗaya bayan ɗaya tana fitar da mai sankara, ta sake sabon ganyen fita, ta yarfa ruwa da yatsu uku, ba huɗu ba, ta mayar ta ɗaure. Yakan ce mata, ke da goron nan kamar mai jego. Yanzu ga shi tsugune a gefenta yana kallon hannun nan kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ta sa shi ya sayo sabuwar tukunyar ƙasa wadda ba ta taɓa ganin miya ba. Ta shimfiɗa tsinkayen kaba a ciki, ta jera goma sha ɗayan nan a kai da tazara, ba mai taɓa wata. Ganyen fita kuwa ba ta bari ya taɓa su ba, a jikin tukunyar ta waje ta naɗa shi, ta rufe bakin da faifai, ta kai lungun da take ajiye daushen goro, inda rana ba ta leƙawa. Kwana biyar na farko ko ɗigon ruwa ba ta sa wa ganyen ba, danshinsa na kansa kawai. Sai a rana ta shida ta yarfa da yatsa ɗaya.

"Haka za mu yi ta yi har yaushe?" in ji Saje.

"Har ya yarda. Wanda ya sha ƙishirwa ba a ba shi randa, da cokali ake ba shi."

Ta ɗora masa aikin juyi. Kullum da safe bayan ya dawo masallaci, da kuma la'asar, zai wanke hannu ya goge, ya juya kowace ɗaya kaɗan, rubu'in juyi, kada ya matsa, kada ya shinshina da ƙarfi. Saje ya riƙe wannan umarni fiye da yadda ya taɓa riƙe na wani hafsa. Wadda ta tsage kuwa Ƙaltume ta ce babu dabara a kanta. Ya naɗe ta a farin ƙyalle ya sa a aljihun gaba, yana yawo da ita, tana tuna masa da kansa.

Ranar kwana goma sha tara da fara jinyar, ya ɗaga faifan sai ƙamshi ya doke shi, wani abu kamar zuma da ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ya kira ta da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ta zo ta ɗauki ɗaya, ta kai kusa da kunne ta mirgina ta tsakanin yatsu. Ba ƙas, ba ɓarɓashi. Ganyen da ya ɗago ya koma ya kwanta, launin dabinon ya dawo, sai dai sheƙin bai kai na da ba.

"Ya farfaɗo," ta ce.

Saje ya daɗe yana kallon tukunyar. Sannan ya juyo ya ce, "Ƙaltume, na gode. Allah ya saka miki. Na yi shekaru ina raina aikin hannunki, ban san komai ba." Ta ce ya tashi ya ba ta wuri tana da tuwo a wuta, amma ta daɗe a madafa tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyi: a gaya wa Baba ko a ɓoye masa. Ƙaltume ta ce idon Baba ba ya gani sosai, amma yatsunsa suna ƙirga. Saje ya ce ko da ba sa ƙirgawa, shi ba zai mayar da amana da ƙarya a ciki ba.

Baba ya dawo ranar wata Alhamis. Washegari da hantsi Saje ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki akwatin, ya ce Ƙaltume ta biyo shi. Suka same shi a ƙofar sabon ɗakinsa yana shan iska. Bayan gaisuwa Saje ya durƙusa, da ƙafar nan mai ciwo, ya ajiye akwatin a gabansa, ya faɗi komai. Bai rage ba, bai ce fumfuna ce ta ruɗe shi ba. Ya ce, "Jahilcina ne, Baba. Goma sha ɗaya matata ta ceto. Ɗaya ni na kashe ta." Ya ciro farin ƙyallen ya ɗora a tafin tsohon.

Baba ya buɗe akwatin, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya mayar. Sannan ya kwance ƙyallen. Yatsunsa suka bi tsagar nan tun daga sama, a hankali, kuma da yake hannun tsohon manaɗi ne, da kansa ya shiga ɓare ganyen waje, ya ɓare na biye. Sai yatsun suka tsaya cak.

Saje ya ga fuskar tsohon ta sauya, ya ɗauka baƙin ciki ne, ya sunkuyar da kai.

"Ƙaltume," in ji Baba, "'yata, zo. Idona ba ya gani. Gaya mini mene ne wannan."

Ta matso ta duba. A tsakiyar sigarin, inda ya kamata a ga ganye a dunƙule, wani siririn abu ne kwance tun daga kai har gindi.

"Kitso ne, Baba. Ganye uku aka tsaga aka kitsa shi, kamar na gashi."

Baba ya ɗora abin a kan goshinsa, kafaɗunsa suka kama girgiza. Sannan ya ce:

"Tana da shekara shida take zama kusa da gwiwata a wurin aiki. Tana so ta naɗa, hannunta ƙarami, ganye yana zubewa, sai ta yi kuka. Na ce mata, kitsa guda uku tukuna kamar yadda uwarki ke miki, sai ki naɗa a kai, ba zai gudu ba. Wasa ne na yi mata don ta yi shiru. Ba manaɗin da ke yin haka, ba ta shan wuta da kyau. Ba wanda ya sani sai ni da ita." Ya share fuska da hannun riga. "Ba ta iya rubutu ba, ni ma ban iya ba. Ta san ubanta, ta san ba ya karɓar naɗin wani bai buɗe ɗaya ya ga cikinta ba. Takarda ta aiko mini, Jibirilu. Ni kuma tsoro ya hana ni buɗewa shekara huɗu."

Wata mata da ta zo ɗiban ruwa a rijiya ta ajiye tulu ta tsaya daga nesa.

"Hamsatu tana da rai," in ji Baba. "Ta tuna." Ya lalubo kan Saje ya dafa. "Da ka iya ajiya irin tawa, da na mutu ban sani ba. Ta bon, ɗana. Ta bon. Allah ya yi maka albarka, kai da ranarka. Ke kuma da kika tsare mini sauran, Allah ya sa ki gama lafiya."

Saje ya so ya ce shi ne da godiya, tun daga bakin rijiyar can har yau. Sai hawaye kawai, a gaban mace, a gaban mai ɗiban ruwa, bai ko ɓoye ba.

Bayan wata biyu aka sami wani Batabone da zai bi jirgi zuwa Ikko, daga can ya wuce Bahiya da kayan fatauci, ya kuma ce ya san unguwar manaɗa taba, zai nemi matar. Ƙaltume ta zaɓo goro ɗari, fari da ja, babu mai tabo ko ɗaya, ta yi masa ɗaurin tafiya mai nisa, ta zaunar da mutumin ta koya masa yarfa ruwa da yatsu uku har sai da ya iya. Saje ya ɗinka jakar da za a sa huhun a ciki, ya bi kowane gefe sau biyu.

Kafin a ɗaure bakin huhun, Baba ya ce a dakata. Ya ce Ƙaltume ta ba shi ganyen fita ɗaya. Ya tsaga shi gida uku, ya riƙe kan a haƙori, ya shiga kitsawa da tsofaffin yatsunsa. Sau biyu yana kwancewa yana sakewa, ba wanda ya ce bari in taya ka. Da ya gama ya tura hannu can tsakiyar goron ya ajiye, ya rufe da ganye.

"Ita ba matsoraciya ba ce kamar ubanta," in ji shi. "Ranar da huhun ya isa za ta buɗe."